Daga Kano zuwa gudun fanfalaki na Nairobi: amsa ga ɗan'uwan da tudu ya ba tsoro

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce a Kano kake zaune, kana gudun kilomita 10 sau uku a sati ba tare da ka galabaita ba, yanzu kuma ka yi rajistar gudun fanfalaki na Nairobi da ake yi wajen ƙarshen Oktoba, cikakken kilomita 42 da mita 195, baka taɓa yin irinsa ba, sai wani ya tayar maka da hankali wai garin a kan tudu yake iskar can bata isar baƙo. Kana so ka san ko wata biyar zai ishe ka shiri, da yadda zaka yi da maganar tudun.

Toh wata biyar zai isa in sha Allah, in dai burinka ka ƙarasa da ƙafarka lafiya ne, ba wai ka je ka yi gogayya da 'yan Kenya a gidansu ba. Amma tun kafin mu shiga maganar atisaye akwai abin da nake fara tambayar duk ɗan ƙasarmu da ya zo min da niyyar gudu mai nisa a kan tudu, kuma bana wuce shi sai na ga takarda: menene jinotayip ɗinka? Ba wai "ina jin AA ne" ba, a'a, ka je asibiti a ɗebi jini a rubuta maka. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, da yawa ma basu sani ba sai an zo gwajin aure, domin mai AS yana rayuwarsa lafiya lau har ya tsufa babu abin da ya dame shi. Matsalar tana iya ɓullowa ne in abu uku suka haɗu masa lokaci guda, ƙarancin oksijin da ƙishirwa da wahalar da ta wuce kima, kuma gudun fanfalaki a kan tudu ai shine mahaɗar ukun nan. A irin wannan hali wasu jajayen ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, musamman a saifa, ko kuma tsoka ta fara lalacewa dattinta ya tafi ya cutar da ƙoda. Akwai wani ɗan ƙwallon Amurka mai suna Ryan Clark na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, AS ne, a 2007 suka je wasa Denver wanda tsayinsa wajen mita 1,600 ne, bai ma kai Nairobi ba, abin da ya biyo bayan wasan nan sai da aka cire masa saifa da matsarmama. Ba ina cewa mai AS ba zai yi gudu ba, akwai manyan 'yan wasa masu AS da suka yi suna a duniya, mafi yawansu kuma suna hawa tudu su sauko ba abin da ya same su. Amma in kai AS ne sai ka zauna da likita tukuna, ka isa can da wuri, kada ka yarda ƙishirwa ta kama ka, kuma da zarar ka ji ciwo a hagun cikinka ƙarƙashin haƙarƙari, ko ƙafafu sun saki lokaci guda kamar ba naka ba, ka tsaya nan take ka nemi masu ba da agaji, wannan ba wajen nuna jarumta bane. In kuwa SS ne ko SC, toh shawarata ka bar wannan maganar gaba ɗaya.

Tunda za a ɗebi jinin, a duba maka yawan jini da kuma ajiyar sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke ƙera jini da shi, a auna hawan jini, in ka haura shekara 40 ko akwai ciwon zuciya a gidanku a yi maka awon zuciya. Dalili kuwa watannin shirinka duk a damina zasu faɗo, lokacin sauro, kuma maleriya jajayen ƙwayoyin jinin nan take fasawa, su ne kuwa masu dakon oksijin ɗin da zaka je kana nema ido rufe a Nairobi. Ka kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya kama ka ka yi magani ka huta sosai, kada ka ce sai ka rama ranakun da suka wuce ka. Ka riƙa cin hanta da nama da wake da zogale da alayyahu, kuma ka raba shan shayi da lokacin cin abinci don shayi yana hana jiki zuƙar ayon yadda ya kamata. Ƙwayar ƙarin jini kuwa kada ka saya a kemis da kanka sai awo ya nuna kana buƙata.

Yanzu maganar iska. Mutane suna cewa oksijin ya yi kaɗan a kan tudu, gaskiyar ita ce kasonsa bai canza ba, kashi 21 cikin 100 ne a Legas haka yake a Nairobi haka yake a kan dutsen Kilimanjaro. Abin da ya ragu shine nauyin iskar da ke danne ta. Kaga mudun gari da aka danna da hannu aka cika, da wanda aka zuba sakwa-sakwa, mudu ɗaya ne amma abin da ke ciki ba ɗaya ba, toh haka numfashinka yake. Kano bata kai mita 500 daga bakin teku ba, Nairobi kuma tana tsakanin mita 1,700 zuwa 1,800, a can nauyin iska wajen kashi 81 ko 82 ne cikin 100 na bakin teku. Sai jiki ya rama giɓin ta hanyar saurin numfashi da saurin bugun zuciya. In kana zaune ko kana yawo a kasuwa ba lallai ka ji komai ba, sai ka hau bene da sauri ko ka fara gudu sannan zaka ji haki ya zo da wuri fiye da yadda ka saba.

Duniya ta ga wannan ƙiri-ƙiri a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240. Masu gajeren gudu da masu tsalle suka yi ta karya tarihi saboda iskar bata da kauri, a nan ne Bob Beamon ya yi tsallen mita 8.90. Amma masu dogon gudu sun sha wuya. Ron Clarke na Ostireliya, wanda a lokacin shi ke riƙe da tarihin duniya na mita 10,000, na shida ya zo, yana ƙetare layi ya yanke jiki ya faɗi sai da aka sa masa oksijin, wanda ya ci kuwa Naftali Temu ne ɗan Kenya. Gudun fanfalaki Mamo Wolde na Habasha ya ci a awa 2 da minti 20 da daƙiƙa 26, alhali shekara huɗu kafin nan a Tokiyo ɗan ƙasarsu Abebe Bikila ya ci a awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Ka lura fa, Wolde ɗan tudu ne, a tudu ya tashi a tudu yake atisaye, duk da haka lokacin da ya ci da shi ya haura na Tokiyo da fiye da minti 8. Toh ina ga kai da zaka taso daga Kano.

Shi ya sa abin da nake so ya zauna maka a rai tun yau shine agogon hannunka ba shi zai ja ragamar gudun nan ba, numfashinka ne. Nairobi ba irin tudun da ke kwantar da mutum da ciwon tudu bane, wannan yawanci sai an haura mita 2,500 ake ganinsa, kuma da Adis Ababa ta Habasha ka ce min ko Eldoret ta Kenya, waɗanda suka fi Nairobi tsayi, da maganata ta fi haka tsauri. Babban abokin karawarka har yanzu kilomita 42 ɗin ne. Abin da tudu yake yi kawai shine in ka yi gaggawa a farko, hukuncin da a Legas zai same ka a kilomita 34 a can sai ya riske ka tun a 25. Ni abin da nake ce wa wanda ya taso daga ƙasa shine ya ƙara daƙiƙa 15 zuwa 25 a kan kowace kilomita, wato in a gida kana jin daɗin minti 6 da rabi, a can ka ɗauka wajen minti 6 da daƙiƙa 50 ne naka, kuma kada ranka ya ɓaci, ƙarfinka bai ragu ba.

Shirin kansa ba wani sirri a ciki. Ka mayar da fitarka sau huɗu a sati. Ɗaya daga ciki ita ce doguwar fita, ranar da baka da aiki, bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ita ce ƙashin bayan komai. Ka fara da kilomita 12, kana ƙara 2 duk sati, in ka yi sati uku kana hawa sai na huɗu ka sauko ka rage wajen kashi ɗaya cikin uku don jiki ya gyara kansa, a haka a haka har ka taɓa 30 ko 32 sau biyu, na ƙarshen ya zama saura sati uku gasa. Kada ka ce sai ka gwada 42 ɗin a gida don ka tabbatar, wanda ya yi haka a kan titin unguwarsu ya ƙone man da zai yi tafiya da shi. Daga nan sai ka yi ta ragewa, satin ƙarshe ɗan sassarfa kawai.

Kuma wannan doguwar fitar a hankali ake yinta, a hankalin da zaka iya hira da na kusa da kai jimla cikakkiya ba tare da numfashi ya sarƙe ba. A nan ne samarinmu suke ba ni wahala wallahi, kowa gani yake in bai dawo gida yana haki kamar zai shiɗe ba toh bai yi komai ba, sai kaga wata biyu ƙwauri ya ɗau ciwo ko gwiwa ko agara, shikenan shiri ya watse. Je ka Iten, garin da ke mita 2,400 a Kenya inda zakarun duniya suke taruwa, ka ga yadda suke fara gudun hutunsu, wani lokaci da kyar suke wuce mai saurin tafiya, mutanen da in sun saki ƙafa mota ce kawai zata bi su. Suna da ranakun wuta, amma yawancin kilomitocinsu na sanyi ne. Kai ma fita uku cikin huɗu ta zama mai sauƙi.

Ta huɗun ita ce ta hawa. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, amma kuna da Dala da Goron Dutse, akwai kuma gadojin sama in ka fita da sassafe kafin motoci su yi yawa. Ka ɗumama jiki minti 15, ka hau da ƙarfi na minti ɗaya ko biyu, ka sauko da tafiya, ka maimaita sau shida, kana ƙarawa sannu a hankali har goma. Ba zai ƙara maka jini irin na ɗan tudu ba, amma zai koya maka abin da ya fi amfani ranar gasa, wato yadda zaka ji numfashi ya ƙure kuma hankalinka bai tashi ba, ka rage taku ka jira ya dawo. Ka haɗa da tsugunne-tashi da ɗaga dunduniya a bakin matakala sau biyu a sati saboda cinya da sha-raɓa. In akwai hanyar ƙasa kusa da kai ka fi yawaita gudu a kanta, kwalta tana cin gaɓoɓi.

Zafin garinku ma kada ka raina shi, gudu cikin zafi yana sa jiki ya ƙara ruwan jini, wannan kuwa yana taimakawa in an hau tudu. Ba cewa na yi ka fita da tsakar rana ba dan Allah, wanda kake samu da hantsi ma ya isa. Takunkumin fuskar nan kuma da ake tallarsa a intanet wai yana kwaikwayon tudu, ka riƙe kuɗinka, wahalar jan numfashi kawai yake sa ka, baya rage nauyin iska ko kaɗan. In kana da hali ka je Jos ka yi doguwar fita ɗaya ko biyu, mita 1,200 ne, ga hawa da gangara ga sanyi, ba banza ba yankin Filato musamman wajen Pankshin yake fitar da masu dogon gudu a ƙasar nan. Wanda ya fi kama da Nairobi a tsayi shine tsaunin Mambila a Taraba, wajen mita 1,600, sai dai nisa. Amma ka sani kwana biyu a Jos ba zai canza jininka ba, ɗanɗano ne kawai.

Sai ranar isa. In mutum ya hau tudu, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙoda take ƙara sakin sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera sabbin jajayen ƙwayoyin jini, amma kafin su taru har su yi amfani sai an yi sati uku zuwa huɗu. A kwanakin farko kuma ruwan jini raguwa yake, fitsari ya yawaita, barci ya ƙi daɗi, wani har da ɗan ciwon kai. Saboda haka ne zaka ji wasu na cewa ko dai ka je da sati uku ko ka sauka daren gasa ka yi gudu kafin jiki ya farga. Ni ban yarda da rabin maganar na biyu ba a tsayi irin na Nairobi. An gwada wannan a Afirka ta Kudu da matasa 'yan wasan rugbi da aka kai tsayin mita 1,700, aka auna su bayan awa 6 da awa 18 da awa 47, sai aka ga a awa 6 ɗin farko ne suka fi rauni, daga nan abin ya riƙa gyaruwa. Ga gajiyar jirgi, ga karɓar lambar ƙirji, ga neman masauki. In zaka samu kwana 10 zuwa sati biyu madalla, in aiki da aljihu basu bari ba ko kwana huɗu ko biyar ne ka ɗauka, kowace rana riba ce. Kwana biyun farko tafiya kawai da ɗan sassarfa na minti 20, ka sha ruwa, ka kwanta da wuri. Kuma ka tanadi katin rigakafin shawara tun yanzu, ana tambayarsa.

Wani zai ce maka ka sha Diamox. Maganin masu hawa manyan duwatsu ne, yana sa yawan fitsari, yana iya rage maka ƙarfin gudu, yana ma cikin jerin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa, baka buƙatarsa a Nairobi. Wanda na fi jin tsoro ma shine ibuprofen da diclofenac da mutanenmu suke haɗiya kafin wasa wai don kada su ji ciwo. Awa huɗu ko biyar kana gudu jini ya ragu a ƙoda, ka zo ka ɗora mata wannan, haɗari ne na gaske. Kada ka sha.

Ranar gasa da asuba zaka ji sanyi, irin wanda baka saba ji a Oktoba ba, ka sa tsohuwar riga a sama wadda zaka iya yarwa in jiki ya ɗumama. Amma kada sanyin ya ruɗe ka, garin dab yake da layin ikwaita da ya raba duniya biyu kuma a kan tudu, in rana ta fito tana da cizo, ga yawan numfashi da ke kwashe ruwan jiki ba tare da ka ga gumi sosai ba. Hular hana-sallah tana da amfani. Kambas da safa da gajeren wando duk su zama waɗanda ka riga ka yi doguwar fita da su, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata da tsakanin yatsun ƙafa, kan nono kuma ka manna filasta, wanda bai taɓa wuce kilomita 25 ba zai ga kamar wasa ne har sai ya ga jini a gaban rigarsa. Karin kumallo awa uku kafin a tashi, abin da cikinka ya sani, burodi da shayi da ayaba ko 'yar farar shinkafa, ban da mai da yaji da wake.

Da an busa za ka ga mutane sun zuba a guje kamar an koro su, jikinka kuma a huce yake bayan sati uku na rage atisaye, ƙafa zata ce maka mu je. Kada ka bi ta. Kilomita 10 na farko ka yi su a hankalin da har zaka ji kunya, kana gwada kanka lokaci lokaci, in baka iya furta jimla guda ba tare da ka yanke ta ba toh ka yi sauri, ka rage. Duk hawan da ka tarar ka gajarta taku, in ya kama ka taka da ƙafa ka taka, minti ɗayan da ka bayar a nan zai dawo maka da biyar a gaba. A tudu in ka bari numfashi ya ƙwace maka, dawo da shi yana ɗaukar lokaci fiye da yadda ka saba a gida, wannan shine babban bambancin da zaka ji a jikinka.

Ci kuma tun kafin yunwa. Ajiyar sukarin da ke tsoka da hanta bata kai mutum ƙarshen kilomita 42, yawanci wajen 30 zuwa 35 take ƙarewa, a nan ne zaka ga ƙato ya tsaya cak ya dafa gwiwa yana kallon ƙasa, kuma a tudu in ka riƙe saurin gida ajiyar ta fi saurin ƙonewa. Daga minti 40 ka fara, giram 30 zuwa 60 na sukari duk awa, wato kamar dabino biyar ko shida da ka cire wa ƙwallo ka ƙulle a leda, ko ayaba, ko 'yar jakar zuma, ko jel ɗin masu gudu in ka saba da shi tun a gida. Duk wajen ba da ruwa ka rage gudu ka taka, ka kurɓa da kyau sannan ka ci gaba. Sai dai kada tsoron ƙishirwa ya sa ka yi ta ɗura ruwa ba lissafi, yawansa yana tsinka gishirin jini, a gasar Boston ta 2002 an auna ɗaruruwan waɗanda suka gama aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma masu jan lokaci a hanya irin sabon shiga su abin ya fi kamawa. Ka sha gwargwadon ƙishi, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari ko lemon 'yan wasa da suke rabawa.

Daga kilomita 32 zuwa sama zai yi ciwo, wannan babu makawa ko ka yi komai daidai, cinya zata yi nauyi, tafin ƙafa ya yi zafi, zuciya ta riƙa kawo maka dalilan tsayawa masu kama da gaskiya. Kada ka lissafa abin da ya rage gaba ɗaya, ka ce daga nan zuwa wajen ruwa na gaba, in ka isa ka sake ɗaura wani. Gudu minti huɗu tafiya minti ɗaya ba abin kunya bane, mutane da yawa da haka suka karɓi lambar yabonsu, ka dai duba tun yanzu awa nawa masu shirya gasar suka bayar kafin su buɗe hanya wa motoci don ka san iyakarka. Amma ka rarrabe ciwon gajiya da alamar haɗari. Ciwon ƙirji, jiri har kana tangaɗi, ruɗewa ka kasa gane inda kake, amai da ya ƙi tsayawa, ciwon kai mai tsanani, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, kowanne daga cikinsu ka gani gudun ya ƙare a nan, ka nemi motar asibiti. Gasar duk shekara ake yinta.

In Allah ya kai ka layin ƙarshe kada ka zube a wajen, ka ci gaba da takawa minti 10 ko 15 don kada jini ya taru a ƙafa jiri ya ɗebe ka, ka sa riga mai kauri don sanyi zai rufe ka nan da nan, ka ci abinci mai gishiri. Kwana biyu zuwa uku sauka daga bene zai zame maka aiki, wannan daidai ne. Abin da zaka sa wa ido shine fitsari, in ka ga ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ƙi zuwa duk da kana shan ruwa, ka tafi asibiti a ranar kada ka jira sai ka dawo gida. A jirgin dawowa ka riƙa tashi kana taka ƙafa. Sati guda babu gudu sam, na biyu ɗan sassarfa in jiki ya yarda, sai wajen sati na huɗu ka koma yadda ka saba.

Ka je ka yi awon jinin nan cikin satin nan, in sakamako ya fito ka turo min tare da minti nawa kake cinye kilomita 10 ɗinka yanzu da kuma ranar da kake da hutu a sati, sai mu tsara makonnin ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba da sa'a, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.